HIRAR MAI MOTO: Wane mai ake zubawa a sandunan gaba?

Ga mu kuma cikin hilinmu na masu moto. A watan jiya munka yi maganar sarƙa, da yadda ake wanke ta a sa mata mai. Yau za mu matsa gaba, wajen sandunan nan biyu da ke riƙe da tayar gaba.

Wani ɗan uwa daga wajen Tasawa ne ya aiko da takarda, da hannunshi ya rubuta ta. Ya ce gaban motonshi ya riƙa tsalle kamar ɗan akuya. Ran kasuwa ya kai shi ga wani mai gyara. Mai gyaran ya buɗe sandunan, ya ce ba mai ciki. Sai ya ɗauko baƙin man da anka juye daga injin wata mota, ya cika su, bai karɓi kuɗin man ba. Tsalle ya daina. Amma yanzu gaban ya yi tauri kamar taɓarya. In ya yi doguwar tahiya kafaɗunshi suna ciwo, kuma mai shina tsiyaya har bisa taya. Shina tambaya: wane mai ne na gaskiya?

Mun gode da wannan tambaya, don ba shi kaɗai abin ya shafa ba. Sandunan gaba suna da nasu mai, daban da na inji. Kahin mu faɗi sunanshi, bari mu leƙa cikin sandunan mu ga aikin da shike yi.

Mi ke cikin sandunan?

Makanikai suna ce musu amortiser. Waɗanda sunka saba da kasuwannin Najeriya suna cewa shakazoba. Kowace sanda bututu biyu ce. Na sama mai ƙyalli ne, shina shiga cikin na ƙasa, shina hita. A ciki akwai wani dogon ƙarhe murɗaɗɗe, shi ne rasor. Akwai kuma ƙaramin bututu mai ƴan hudoji ƙanana. Sauran wurin mai ne, sai ƴar iska daga sama. A bakin bututun ƙasa akwai zoben roba da ke hana man hita, shi kuma hana ƙura shiga.

Rasor shi ke ɗaukar nauyi. In taya ta hau dutse, sai shi lotsa. In ta wuce, sai shi miƙe. Amma in an bar rasor shi kaɗai, ba shi san tsayawa ba. Sai shi yi ta lotsawa da miƙewa, kamar reshen itace da yaro ya ja ya saki. Mai ne linzaminshi. Duk sa'ad da sanda ta lotsa, tilas man shi bi ta cikin ƴan hudojin nan. In ta miƙe, tilas shi sake bi ta cikinsu shi komo. Wannan matsi shi ke rage wa rasor gaugawa.

Ku tuna da rariya. In an zuba mata ruwa, nan da nan shi wuce. In an zuba kunu mai kauri, sai a hankali, wani lokaci ma sai shi tsaya. Masu ƙera moto sun huda hudojin nan daidai da wani irin kaurin mai. In man ya cika ruwa-ruwa, ba shi riƙe rasor. In ya cika kauri, ba shi wucewa da wuri. Duk maganarmu ta yau a nan take.

Man kuma shina jiƙa ƙarafan ciki, don kada wani shi ci wani.

Karanta gwangwani

A jikin gwangwanin man sanduna za ku ga an rubuta HUILE DE FOURCHE da Faransanci, ko FORK OIL da Ingilishi. Ku rubuta waɗannan haruffa a ƴar takarda, ku sa aljihu, ku tahi da ita kanti. Kusa da sunan akwai lamba: 5W, ko 10W, ko 15W, ko 20W. Ƙaramar lamba, mai ruwa-ruwa. Babbar lamba, mai kauri.

Galibin ƙananan baburan da muke hawa a karkara, irin su Kasea, Haojue, Royal, Boxer da TVS, lamba 10W ce ta dace da su. Amma littahin da anka sayar muku da moto tare da shi, shi ne alƙali. In shina nan, ku duba. In da Faransanci ne ko Ingilishi, ku kai wa malamin makaranta ko malamin yaƙi da jahilci shi karanta muku. Abu biyu za ku nema ciki: lambar man, da yawan da ake zubawa a kowace sanda. Wanda ya sayi sabon moto kada shi bar littahin nan a kanti, kada kuma a ba yara su yi wasa da shi.

Akwai wani abu da masu kanti ba su cika faɗi ba. Gidajen da ke yin man ba su haɗa baki a kan lambar ba. 10W na wannan gida shina iya hin 10W na wancan gida kauri. Don haka in kun samu iri guda da ya yi wa motonku daidai, ku riƙe sunanshi. Kuma kada a zuba wani iri a dama, wani iri a hagu.

Masana suna da awo na gaskiya. Suna ɗumama mai har zahinshi shi kai digiri 40, wato kamar zahin rana cikin bazara a Tawa ko Damagaram. Sa'an nan su duba yadda shike gudana. A bayan wasu gwangwanaye ana rubuta wannan awo da haruffa ukku: cSt. A wannan awo, man sanduna 10W shina wajen 35. Man gyaɗa da mata ke matsewa a gida shina wajen 40. To kun ga, kaurin man da muke nema kusan kaurin man gyaɗa ne. Shi kuwa man inji da anka saba saye, mai lamba 20W-50 ko SAE 40, shina wajen 150. Ya ninka man sanduna sau huɗu.

Mi ke faruwa in an zuba mai kauri haka? Bisa kwalta mai laushi ba za ku ji komi ba, har ku ce gyara ya yi kyau. Sai kun sauka hanyar birji mai gargada. Can taya tana bugun tudu bayan tudu, ba hutu. Sanda ta lotsa, kahin ta miƙe wani tudu ya iso, ta ƙara lotsawa. Jim kaɗan ta maƙale ƙasa, ta zama sandar ƙarhe kawai. Duk bugun hanya shina hawowa hannu da kafaɗa. Wannan ciwo ne, amma ba shi ne babban haɗari ba. Babban haɗari shi ne tayar gaba ta riƙa barin ƙasa. Tayar da ke sama ba ta jin birki, ba ta jin juyi. Kuna karya kwana, ko wata bisa ta ratso hanya, sai gaba shi zame. Wanda ya faɗi tsakanin ƙauye da ƙauye, da mai ciki ko marar lahiya a bayanshi, ya san nisan gidan likita.

Wani zai ce: ni kaya nike ɗauka. Buhun albasa biyu daga Galmi, ko damin rake daga Matamai, ko bido huɗu na ruwa, ko rago zuwa kasuwa. Ashe ba mai kauri ya kamace ni ba? A'a. Mai ba shi ɗaukar kaya. Rasor ke ɗauka. Ku gwada ku gani: ko wane irin mai ke ciki, in kun ɗora nauyi kun jira kaɗan, sanda za ta sauka wuri guda. Mai kauri jinkirta saukar kawai shike yi. In gaban moto ya zauna ƙasa ko ba kaya, rasor ne ya gaji, sai a sake shi. Kuma kayanmu galibi baya ake ɗaure su. Nauyin baya shina ɗaga gaba, tayar gaba ta rage kama ƙasa. Mai irin wannan kaya ya hi kowa bukatar sandunan da ke bin hanya da wuri.

Abin da muka yarda da shi ɗaya ne. Mai jiki, ko wanda kullum cikin ramu shike, in ya ga 10W ya yi mishi laushi cikin zahin bazara, shina iya hawa taki guda, shi zuba 15W. Daga nan kada shi wuce. Shi tuna da sanyin sahe cikin ɗari, don sanyi shina ƙara wa kowane mai kauri.

In ba a samu ba fa?

Gaskiya ne, ba kowane kanti ke aje man sanduna ba. A Maraɗi, Damagaram, Tawa, Ƙwanni ko Yamai, masu sayar da kayan moto su ne wurin tambaya. A kasuwar ƙauye da wuya. Akwai mai iri biyu da za su iya tsaya mishi.

Na farko shi ne jan man nan da ake zuba wa motoci masu canza giya da kansu. A jikin gwangwaninshi an rubuta ATF, sau da yawa tare da kalmar DEXRON. Kaurinshi kusan ɗaya da na 10W. Ba shi kumfa da yawa, ba shi cin roba. Ba dabarar bakin hanya ba ce: cikin shekarun 1970, littattafan babura da yawa na Honda shi sunka ce a zuba a sandunan gaba. Gidajen mai da masu kayan mota suna aje shi. A ganinmu, in babu man sanduna, ATF shi ne zaɓi.

Na biyu shi ne man injunan ɗaga kaya, wanda anka rubuta wa HYDRAULIQUE, da lamba 32. Wannan 32 ɗin awon nan ne na masana da munka faɗa, kun ga ya yi kusa da 35.

Wani tsohon makanike zai ce da can man inji ake zubawa. Shina da ƴar gaskiya. Tsohon Yamaha DT, irin wanda ma'aikatan gona da na kiwo sunka saba shiga ƙauyuka da shi, littahinshi na shekarun 1970 ya yarda da man inji mai lamba 10W-30. Amma sabo, daga gwangwani. Kuma hudojin wancan moto don wannan man anka huda su. Ku lura da kyau, masu sabon karatu: 10W daban, 10W-30 daban. Farkon rubutun ɗaya ne, amma 10W-30 ya ninka man sanduna kauri kusan sau biyu. Ku karanta lambar har ƙarshenta.

Man juye, wato wanda anka hidda daga inji, kada shi kusanci sandunanku ko kyauta ne. Ban da kauri, cike shike da baƙin hayaƙi, da garin ƙarhe, da ruwa. Garin ƙarhen nan shina goge zoben roba, shina karce bututu mai ƙyalli. Bututun da ya karce, ko an sa sabon zobe sai shi yanke shi. Mutum ya tsere wa kuɗin mai, ya faɗa kuɗin bututu. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Ɗan uwanmu na Tasawa, abin da ya same ka ke nan, ga kuma cikawa da anka yi har baki.

Man birki, mai lamba DOT 3 ko DOT 4, ruwa-ruwa ne, shi ya sa wasu ke ruɗuwa. Shina lalata zoben roba na sanduna, shina shan ruwa, shina cin fenti. Man giya mai lamba 90 ya yi kauri ƙwarai. Man gyaɗa fa, tun da munka ce kaurinsu kusan ɗaya? A bar shi a tukunya. In ya daɗe cikin zahi shina lalacewa, shi yi danƙo, shi toshe hudojin.

Mai kuma da ake sayarwa cikin tsohuwar kwalba, ba suna ba lamba, ba wanda ya san abin da ke ciki, har mai sayarwa. Ku sayi gwangwani ruhe, ku buɗe shi da hannunku.

Awo

Mai nagari in an zuba shi da ka, aikin banza ne. Ƴar iskar nan da ke saman mai ita ma aiki take, tana lotsawa tare da rasor. In an cika sanda da mai har baki, iska ba ta da wuri. Mai ba shi matsuwa. Ramin farko da kunka faɗa, sai shi nemi hanya, hanyar kuwa zoben roba ce. In kuma man ya kasa, sanda tana bugun ƙasa, ku ji ƙwas.

Ana auna man da mililitir, ana rubuta shi ml. Litir guda ml 1000 ce. Kowane moto da awonshi, amma ƙananan baburan nan ba su kai rubu'in litir a kowace sanda. Ke nan litir guda tana isar moto biyu ko ukku. Maƙwabta ukku, ko ƴan ƙungiya guda, sai su haɗa kuɗi su sayi gwangwani ɗaya, su yi aikin rana ɗaya.

Abin awo ba wuya. Makiyaya sun san babban sirinjin da ake ba bisashe magani da shi, akwai lambobi a jikinshi. A sayi sabo, a aje shi don wannan aiki kaɗai, kada shi koma ga bisashe. Kwalbar nonon jinjiri mai lambobi ita ma tana yi, amma ita ma ta rabu da jinjiri ke nan. Hinjalin shayi ba ma'auni ba ne, don wani ya hi wani girma. In littahi ya ɓace, ku tambayi babban mai sayar da irin motonku, ko makaniken da ke aiki da littahi. Abin da duk za a zuba a dama, shi za a zuba a hagu, ba ƙari ba ragi.

Wanda bai taɓa buɗe sanduna ba, shi kai wa makanike, amma shi tahi da manshi da sirinjinshi, shi tsaya shi gani. A yi aikin wurin da ba iska, a shimfiɗa tabarma ko buhu mai tsabta. Tsabar rairayi ɗaya ta isa ɓarna. A tokare moto daga ƙarƙashin inji, tayar gaba ta tashi. A kwance murhin sama a hankali, da hannu bisa, don rasor shina turo shi da ƙarhi, shina iya bugun huska. Tsohon yayi suna da ɗan noti daga ƙasa na tsiyaye mai. Na yanzu da yawa ba su da shi, sai an cire sandar an kihe ta. A yi ta lotsa ta har tsohon mai shi ƙare. A ɗauraye da ɗan sabon mai. Kada a wanke da esansi, shina ɓata roba. In an zuba sabo, a lotsa sandar a hankali kamar sau goma, iskar da ta maƙale ƙasa ta hito, sa'an nan a ruhe.

Tsohon man kada a zubar da shi kusa da rijiya, ko tabki, ko wurin da bisashe ke shan ruwa. Mun san wasu suna shafa wa raƙumi ko akuya baƙin mai don ƙazwa ko kaska. Guba ce, tana shiga ta fata, bisa kuma tana lasa. Maganin ƙazwa shina wurin likitan dabbobi.

Yaushe za a sake mai? Wasu littattafai suna ba da shekara biyu. Da ƙurarmu ta hunturu da ruwan damana, mu mun hi son sau ɗaya a shekara. Kaka ce lokacinshi: an gama da taɓo, akwai ɗan kuɗi a hannu, ga jigilar amfanin gona tana tahe.

Ba sai an jira shekara ba in moto ya yi magana. Ku riƙe birkin gaba, ku danna kan moto da ƙarhi, ku saki. Mai lahiya shina sauka sumul, shi taso sau ɗaya, shi tsaya. In ya yi rawa sau biyu ko ukku, man ya ƙare ko ya mutu. In ya ƙi sauka, ko ya taso da ƙyar, man ya yi kauri ko ya yi yawa. In ya cije a tsakiya, wataƙila bututu ya lanƙwashe, wannan kuwa ba mai ke gyara shi ba.

Sa'an nan ku shafa yatsa bisa bututu mai ƙyalli. In kun ji danshin mai, ko kun ga baƙin zobe na ƙura, zoben roba ya mutu. Masu moto mai rigar roba, mai kama da zugazugin maƙeri, ku ɗaga rigar ku leƙa. Tana tare ƙura, amma tana ɓoye yoyo. In ta yage a sake ta. Kullum kun dawo daga hanya, ku goge bututun da tsumma mai tsabta, don busasshen taɓo shina yanka roba.

Yoyo ba abin jinkiri ba ne. Man da ke gangarowa daga sanda, birkin gaba shike nufa. Takalmin birkin da ya sha mai ba shi kamawa, kuma wanki ba shi mai da shi daidai, sai sabo. Don haka, ɗan uwanmu na Tasawa, ga aikin da ke gabanka: a juye baƙin man nan duka, a sake zoben roba na sandunan biyu, a duba bututun ko ya karce, a buɗe birkin gaba a gani ko ya jiƙe, sa'an nan a zuba 10W ko ATF da awo. Kahin a yi wannan, kada ka ɗauki kowa a baya.

Wanda ya karanta, shi karanta wa maƙwabcinshi mai moto. Masu tambaya su ci gaba da aiko da takardu. Wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi maganar matatar iska ta inji da ƙurar hunturu. Mu kwana lahiya.